Babi na Bakwai: Ciyawar Gaɓa a Ƙarƙashin Ruwa

Ranar da kawuna ya zo daga Kura, ya tarar da ni a tsugune gaban akwatin gilashi. Ba ruwa a ciki, ba kifi, sai baƙar ƙasa mai laima da 'yan tukwanen ciyawa guda uku a kan faranti. Bayan mun gaisa, an kawo masa ruwa ya sha, sai ya jawo kujera ya zuba mini ido. Na zare ciyawar daga tukunya ta farko, curi guda, na tona rami na binne ta yadda take.

"Wai ɗan nan, me kake shukawa haka?"

"Ciyawa ce, Kawu. So nake ta rufe ƙasan akwatin nan kamar darduma, sannan in zuba ruwa in saki kifi."

Ya sunkuyo ya duba da kyau. Manomin shinkafa ne, a cikin fangali ya yi furfura.

"To, in dai so kake ta yaɗu, ba haka ake dashe ba. Ka taɓa ganin mun tumɓuko iri damƙi guda mun cusa a rami ɗaya? Bibbiyu ake sawa, ko uku-uku, a bar mata fili ta yi 'ya'ya. Miƙo nan."

Ya tone abin da na binne, ya tsoma shi a kwanon ruwa, ya dinga tsattsaga saiwar da babban yatsa, a hankali, kamar mai tsefe kan yarinya. Kafin in ankara, curin nan ɗaya ya zama tsiraye kusan ashirin, jere a gefen faranti, kowanne da ɗan farin gashin saiwarsa. Bai taɓa jin sunan ciyawar ba, bai taɓa ganin tankin kifi mai shuka ba, amma abin da ya nuna mini ran nan shi ne darasin farko da kowane gwanin wannan fanni zai koya maka, daga Tokiyo har Balin.

Ba mamaki kuwa, domin mutumin da ya sa duniya ta kamu da son shimfiɗa ciyawa a ƙasan tanki, shi ma ɗan ƙasar shinkafa ne. An haifi Takashi Amano a 1954 a lardin Niigata, wanda duk Japan ta san shi da noman shinkafa, ya kuma tashi yana kamun ƙananan kifaye a fadamun yankin. Ya yi shekaru yana sana'ar tseren keke, ya kuma zama mai ɗaukar hoton dazuzzuka da koguna. A farkon shekarun 1980 ya kafa kamfaninsa, Aqua Design Amano. Kafin zuwansa, salon da ya fi suna a Turai shi ne na mutanen Holan, inda ake jera shuke-shuke rukuni-rukuni, launi-launi, kamar lambun furanni. Amano ya zo da wani abu dabam. Ya aro tsarin jera duwatsu na lambunan Japan, wanda suke kira iwagumi: duwatsu uku ko biyar ko bakwai, ba a son adadin da ya rabu biyu daidai, da babban dutse guda a ɗan karkace, sauran na yi masa rakiya. Sai kuma ciyawa iri ɗaya tak, gajeriya, ta malale ko'ina. In ka tsaya gaban irin wannan tanki, ba akwati kake gani ba. Fili kake gani a gindin tsauni, farkon damina, da garken ƙananan kifaye suna shawagi a sama kamar tsuntsaye. Babban aikinsa na ƙarshe ya yi shi ne a gidan kifi na Lisbon a Fotugal, tanki mai tsawon mita 40 mai cin ruwa lita 160,000, wanda aka buɗe a 2015, shekarar da ya rasu.

Hotunansa ne suka ja ni, kamar yadda suka ja dubban mutane. Sai dai hoto ba ya gaya maka abu ɗaya, wanda kuma in ba ka san shi ba, kuɗinka da lokacinka za su bi ruwa: waɗannan ciyayi ba 'ya'yan zurfi ba ne. 'Ya'yan gaɓa ne.

Ka tuna bakin tafki ko fadama bayan damina ta ɗauke. Ruwa na ja da baya, yana barin taɓo mai sheƙi, kafin mako biyu sai ka ga wani kore-kore ya lulluɓe wurin. A nan ne gidan kusan duk ciyayin da ake yin darduma da su. Rabin shekara saiwarsu na cikin laka, kansu na shan iska da rana. In ruwa ya dawo ya shanye su, sai su yi haƙuri, su sauya ganye, su jira. Zaman cikin ruwa juriya ce suke yi. Mu kuwa so muke su zauna a ƙarƙashin ruwa dindindin, su kuma yi ƙiba, su yaɗu. Duk wahalar wannan aiki daga nan ta samo asali.

Abin da suke rasawa idan ruwa ya rufe su ba taki ba ne, ko da yake taki ne kowa ke fara garzayawa ya saya. Iskar kabon ce. Kowane tsiro da wannan iska yake gina jikinsa, yana haɗa ta da ruwa da hasken rana ya yi sukari. A sarari, a cikin kowane kashi miliyan na iskar da muke shaƙa akwai kabon sama da kashi 400, kuma iska na kaɗawa tana kawo sabo. Amma ruwan da aka ajiye a buɗe, abin da yake riƙewa bai kai miligiram ɗaya a lita ba. Ƙari a kan haka, tafiyar wannan iska a cikin ruwa ta fi tafiyarta a sarari nauyi kusan sau dubu goma. Ke nan ganyen da ke ƙasan tanki kan cinye ɗan abin da ke kusa da shi cikin ƙanƙanin lokaci, ya zauna da yunwa alhali fitila na dukan sa. Dogon tsiro yana da mafita, sai ya miƙe ya kai sama ya leƙo. Gajeriyar ciyawa ba ta da wannan gata. Ita ce mafi nisa da fitila, ita ce mafi nisa da iska.

Amano da kansa ya ba da labarin yadda ya gane haka a ƙarshen shekarun 1970. Shuke-shukensa sun ƙi ci gaba, sai ya gwada tsiyaya ruwan soda mai gas a cikin tanki. Ba a jima ba ya ga ƙananan kumfa sun fito a jikin ganyayyaki, alamar sun kama aiki, suna fitar da oksijin. Daga wannan gwaji ne ya kai ga ƙera kayan shayar da tanki iskar kabon.

Yanzu bari mu san ciyayin da sunayensu, domin ba ɗaya suke ba, kuma zaɓen iri shi ne rabin nasara.

Wadda Kawu ya tsattsaga mini ita ce Eleocharis acicularis, masu tankuna na kiran ta ciyawar gashi saboda sirantarta. A ilimin tsirrai ba ta cikin dangin ciyawa irin su gamba da harkiya. 'Yar'uwar aya ce, dangi ɗaya suke da jiji. Abin da kake gani kamar ganye ma kara ne, siriri kamar allura. Tana girma a Turai da Asiya da Amurka, tsawonta kan kai santimita 10 ko fiye, akwai kuma gajeren nau'i da ba ya wuce biyar. Yadda take yaɗuwa, duk wanda ya taɓa fama da ƙiri-ƙiri a gona ya san shi: jijiya ce ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, ta ɗan yi gaba ta ɓullo da sabon tsiro, ta sake gaba ta ɓullo da wani. In ka dasa ta kusa da gilashi, za ka riƙa ganin farar jijiyar tana rarrafe a cikin baƙar ƙasa, kowace safiya ta ƙara taku. Ban san wani abu a wannan sha'awa da ya fi wannan daɗin kallo ba.

Sai Hemianthus callitrichoides, wadda aka fi sani da Kuba, saboda a ƙasar Kuba ne Holger Windeløv, mutumin Denmak da ya kafa gidan rainon shuke-shuken ruwa na Tropica, ya samo ta a gefen wani rafi mai duwatsu lokacin rani. Ganyenta bai wuce milimita uku zuwa huɗu ba. Ba wadda ta kai ta kyau, ba kuma wadda ta kai ta shagwaɓa. Saiwarta gajeriya ce, ba ta son zafi, ba ta yafe ƙarancin kabon. Ba na ba wa mai farawa shawarar ya taɓa ta, balle wanda yake zaune a gari mai zafi irin namu. Maimakonta ya nemi Monte Carlo, wadda asalinta daga Ajantina take. Ganyenta ya ɗan fi girma, zagaye kamar ƙwayar wake ƙarama, tana kama ƙasa da ƙarfi, tana kuma jure abin da zai kashe Kuba cikin mako guda. Akwai Glossostigma ta Niyu Zilan, wadda Amano ya yi wa suna, mai saurin gudu amma mai cin haske: fitila na raguwa sai ta daina kwanciya ta miƙe tsaye. Akwai kuma Marsilea hirsuta ta Ostireliya, mai nawa amma mai haƙuri, wadda ke iya rayuwa ba tare da an shayar da tanki kabon ba. A waje ganyenta kunne huɗu yake yi, a cikin ruwa sai ya koma kunne ɗaya. Tana da 'yan'uwa a fadamun Afirka ta Yamma, har a cikin gonakin shinkafa.

Abu ɗaya nake roƙon mai karatu: kada ya sayi irin da ake tallatawa a intanet a 'yan ƙananan ledoji, da hoton koren fili da alkawarin darduma cikin kwana goma. Na saya, tun kafin zuwan Kawu. Na yayyafa, ya tsiro kuwa, kyakkyawa ƙwarai, kunne bibbiyu. Amma wannan kunne biyu ai ganyen farko ne na jarirai da yawa a cikin tsirrai. Mafi yawan irin nan na dogayen tsirrai ne, ko na tsirran tudu waɗanda ba su da alaƙa da ruwa. Nawa bayan wata guda da zuba ruwa, wasu suka miƙe zangal-zangal, sauran suka narke suka zama majina, ruwa ya yi wari. Sai da na kwashe ƙasar gaba ɗaya na zubar. Ciyayin darduma na gaskiya da dashe ake yaɗa su. Ko dai a tukunya, saiwarsu a cikin wata auduga ta dutse wadda dole ka tsince ta tsaf, ko a rufaffen kofi, an raine su a ɗakin gwaji a kan wani abu mai kama da kunun da ya daskare, wanda shi ma sai an wanke shi sarai, in ba haka ba ya jawo ruɓa.

Ba a fafe gora ranar tafiya: kafin ciyawa ta iso, ƙasa ta riga ta kwanta. Tsakuwa mai manyan ƙwayoyi ba ta da amfani a nan, saiwar da ba ta fi gashi kauri ba ba ta da abin kamawa a tsakaninta. Abin da aka fi amfani da shi shi ne ƙasar tanki da ake sayarwa, wadda aka dunƙule ƙanana-ƙanana kamar gero aka gasa ta sama-sama, tana ɗauke da abinci, tana kuma sassauta gishirin ruwa. Tana da tsada. Wanda bai samu ba yana iya bin hanyar da Diana Walstad, masaniyar ƙananan halittu 'yar Amurka, ta bayyana a littafinta na 1999: ƙasar lambu wadda ba a taɓa yi wa feshi ba, kauri kamar santimita biyu da rabi, a rufe ta da yashi mai ɗan kauri, shi ma kamar haka. Ruɓar ƙasar da ke ƙasa kan fitar da kabon a hankali. Wannan hanya na yi wa Marsilea da ciyawar gashi, sai dai kada a sa ran sauri. A tanki mai tsawon santimita 60, wanda ke cin ruwa kusan lita 60, nakan sa kaurin ƙasa santimita huɗu a gaba, ya yi ta hawa har takwas ko goma a baya. Gangaren nan shi ke yaudarar ido ya ga fili mai nisa.

Dashen kansa aikin hantsaki ne, dogo mai siririn baki. A fesa wa ƙasa ruwa har ta jiƙe, amma kada ruwa ya kwanta a kanta. A kama tsiro ta wajen saiwa, a cusa shi a karkace, a nutsa shi sosai, har ka ji kamar ka wuce gona da iri. Sannan a saki bakin hantsaki a hankali, a zare shi ta inda ya shiga. Monte Carlo da Kuba, rabin jikinsu ma in ya shige ƙasa ba laifi, za su fito. Wanda aka ɗora sama-sama shi ne zai taso ya yi iyo ranar da aka zuba ruwa. Tsakanin tsiro da tsiro santimita biyu zuwa uku, a jera su kamar ramukan dara. In an gama, tankin zai yi kama da kan da aka yi wa aski ba a ƙarasa ba, zuciya kuma za ta ce maka ka haɗa su wuri ɗaya don ka ga kore tun yau. Kada ka biye mata. Curi babba tsakiyarsa ruɓewa yake yi, gefensa kaɗai ke yaɗo. Tsiraye ashirin kuwa gefe ashirin ne, kowanne na tura jijiya ta ko'ina.

Da muka gama dashe ran nan, na ɗauko bokiti. Kawu ya ce, "Dakata mana. Iri bai kama ƙasa ba za ka sakar masa ruwa har wuya?"

Na ajiye bokitin. Daga baya ne na gane abin da ya faɗa yana da suna a wajen masu tankuna, ana ce masa farawa a bushe, kuma wani Ba'amurke, Tom Barr, shi ya yayata shi a tsakaninsu. Hikimar a fili take. Tunda ciyawar 'yar gaɓa ce, a ba ta gaɓa. A bar ta ta yi makonninta na farko saiwa a laka, kai a iska, inda kabon yake kyauta kuma gansakuka ba ta da ruwan da za ta yi iyo. Gidajen raino ma haka suke yi: mafi yawan abin da suke sayarwa a wajen ruwa suke girmar da shi, a ɗakunan gilashi masu raɓa.

Ga yadda ake yi. A rufe bakin tankin da farar leda marar kauri, a kunna fitila awa goma zuwa sha biyu a rana. Kullum a buɗe ledar na minti goma sha biyar ko ashirin iska ta sauya, a ɗan yi feshi in ganye ya nuna ƙishi, a mayar. Ƙasa ta kasance da danshi irin na bayan yayyafi, ba taɓo ba. In ruwa ya taru a gaba, inda gangare ya sauka, a zuƙe shi da sirinji. Abokin gaba a wannan mataki shi ne fumfuna, wani fari-fari kamar saƙar gizo da kan bayyana idan laima ta yi yawa iska kuma ta tsaya. Da ka gan shi, share shi da auduga, ka rage feshi, ka tsawaita buɗewa. Lokacin hunturu kuwa matsalar juyewa take yi: iskar ta bushe ƙwarai, minti biyar ya ishe ta ta ƙona gefen ganye, don haka buɗewar a gajarta ta.

Makon farko ba abin da ya motsa. Har na fara zargin na binne su da yawa. A mako na biyu na lura da wani ɗan tsinke kore, mai haske fiye da sauran, ya ɓullo a wurin da ban dasa komai ba, tazarar yatsa guda daga uwarsa. Na durƙusa na leƙa ta jikin gilashi, sai ga farar jijiya ta haɗa su a ƙarƙashi. Daga nan abin ya ɓalle. A mako na biyar layukan da muka jera sun ɓace. Na kama tsiro ɗaya na ɗan ja, sai ƙasar da ke kewaye da shi ta motsa tare da shi. Wannan ita ce alamar da ake jira, yawanci tsakanin mako huɗu zuwa shida.

Ranar zuba ruwa, a shimfiɗa leda ko takarda a kan ciyawa, a sa siririn tiyo ya riƙa tsiyaya a kai, kada ƙarfin ruwa ya tone ƙasa. In ruwan famfo ne, a kashe kulorin ɗinsa da maganin da ake sayarwa don haka. In na rijiyar burtsatse ne, yana da kyau a gwada nauyinsa, domin wani yana da gishirin dutse da yawa, ciyayin nan kuwa sun fi walwala a ruwa mai sauƙi.

Daga wannan rana ce ainihin jarrabawa ke farawa. Ciyawar da ta saba da yalwar iska, dare ɗaya ta faɗa cikin fari. Wasu tsofaffin ganye za su yi rawaya su narke, kuma wannan ba mutuwa ba ce, sauya riga ce, muddin sababbi na fitowa. Don a sauƙaƙa mata, ana shayar da tankin kabon har ya kai miligiram 20 zuwa 30 a lita. Masu hali na amfani da tukunyar gas mai famfon daidaitawa, da wani ɗan faifan tangaran da ke farfasa iskar ta zama ƙura. Ana buɗe ta awa ɗaya ko biyu kafin fitila ta kama, a rufe ta kafin fitila ta mutu, domin da dare tsiro ba ya cin kabon, shi ma oksijin yake shaƙa, kamar kifi. Akwai wata 'yar kwalba da ake mannawa a jikin gilashi daga ciki, da ruwa mai sauya launi: shuɗi, kabon ya yi kaɗan, kore, daidai, rawaya, ya yi yawa, rayuwar kifi na cikin haɗari. Wanda ba shi da tukunyar gas yana iya haɗa nasa da gorar lemo ta lita biyu, da sukari, da ɗan yis na burodi, da siririn tiyo. Yana aiki, ni ma da shi na fara. Amma ba a iya kashe shi da dare, ƙarfinsa kuma na hawa da sauka: da zafi ya yi ta tafasa ya ƙare da wuri, da sanyi ya yi barci. Wannan hawa da sauka kuwa shi gansakuka ta fi so.

Ruwa ba ya tsami banza. Duk lokacin da ka ga gansakuka ta kama ciyawa, ko kore mai zare-zare, ko ruwan ƙasa mai kama da ƙura, to haske ya fi ƙarfin kabon, ko kuma datti ya taru. Mutane da yawa in ciyawa ta ƙi gaba sai su ƙara fitila, alhali ƙarin haske ga tsiro mai yunwar kabon kamar ƙara wa jaki kaya ne ba a ƙara masa dusa ba. A watan farko awa shida ta isa, daga baya a kai takwas. Sabuwar ƙasar tanki kuma tana fitar da amoniya na 'yan makonni, don haka a makon farko a riƙa sauya rabin ruwan kullum ko bayan kwana biyu, a yi ta ragewa har a koma sau ɗaya a mako. Kada a saki kifi sai ƙananan halittun da ke cikin matatar ruwan tankin sun kafu, suna cinye amoniyar, abin da kan ɗauki wata guda ko fiye. Matatar kuma a saita ta yadda ruwa zai riƙa ratsa ƙasan tanki, ka ga kan ciyawa na ɗan rausaya. Inda ruwa ya tsaya cak, kabon ba ya kai wa can, nan ne kuma sanƙo ke fara fitowa.

Akwai abin da littattafan Japan da Jamus ba sa daɗewa a kai, mu kuwa shi ne babbar damuwarmu. Ciyayin nan sun fi jin daɗi tsakanin digiri 22 zuwa 26. A Kano, cikin Afrilu, ruwan tankina ya haura 31. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, ko kabon ko oksijin, jikin tsiro kuma na ƙona abincinsa da sauri. Ga kuma ɗauke wuta. A irin wannan wata na yi asarar Kuba da na raina tun hunturu, cikin kwana goma ta koma ruwan ƙasa, amma ciyawar gashi da ke tanki na biyu ta tsallake. Abin da ya cece ta ƙaramar fanka ce da na ɗaura a bakin tanki tana hura saman ruwa. Dabarar randa ce: ruwan da ke tashi sama yana tafiya da zafi, kuma a busasshiyar iskarmu yakan sauke digiri biyu ko uku. Sai dai ruwan na raguwa da sauri, gishirinsa na zama a baya, don haka ciko kaɗai ba ya isa, sai da sauyi. Fitila da matata da fanka na ƙaramin tanki ba su da cin wuta, ƙaramin batirin sola na ɗauke su. In za ka fara, fara a Nuwamba, ciyawa ta samu wata huɗu ta yi ƙarfi kafin bazara ta shigo. Tanki kuma ya nisanci taga.

Game da mazauna, duk kifin da ke tona ƙasa ba nasa ba ne wannan gida. Karfasa da tarwaɗa da kifin zinari za su mai da aikin wata uku kufai cikin yini guda. Ƙananan kifaye masu yawo a tsakiyar ruwa su suka dace, kamar tetira na kogin Amazon. Sai kuma wani jatan lande na ruwan daɗi, Caridina multidentata, wanda Amano ya gano ƙwazonsa wajen cin gansakuka har aka laƙaba masa sunansa. Za ka gan su sun baje a kan ciyawa, hannuwansu ba sa hutawa, suna tsince ta kara-kara.

Saura aski. Wannan ne aikin da hannu ya fi nauyin yi, domin bayan duk wannan jira, mutum ba ya son ya sa almakashi a abin da ya yi kyau. Amma darduma in aka bar ta sai ta yi ta hawa kan kanta. Na sama ya tare wa na ƙasa haske, na ƙasa ya mutu, saiwa ta saki, wata safiya ka tashi ka tarar da shimfiɗar gaba ɗaya ta ɗago kamar tabarmar da iska ta shiga ƙarƙashinta. Monte Carlo da Kuba kada kaurinsu ya wuce santimita biyu. Ciyawar gashi kuwa aski ma ƙarfi yake ƙara mata, yana sa ta tura sababbin jijiyoyi. Nakan yi nawa duk bayan mako uku ko huɗu, da almakashi mai lanƙwasasshen baki. In kashe matata tukuna, in bi filin daga gaba zuwa baya, gutsattsarin na tasowa sama, in kwashe su da 'yar koma, in sauya rabin ruwa. Na ciyawar gashi ba sa sake tsirowa, sai a zuba su a gindin shukar tsakar gida, kada a kai su kwata ko kududdufi. Na Monte Carlo kuwa kowane guntu iri ne. Nakan baza su a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa a cikin tsohon faranti, in rufe da leda, in ajiye a inuwar baranda inda haske ke shigowa. Kafin wata guda sun kama, sun isa dashen wani tankin.